Randebun Talata

Tun kafin kiran farko na farka.
Barira ta ajiye ruwan wanka, ta ja da baya ta tsaya,
ƙafa ɗaya a ɗaki, ɗaya a tsakar gida.
Haka muke zaman aure tun da annoba ta shigo Maraɗi.

Takunkumin ni na ɗinka shi,
da ƙyallen da ya ragu daga zanen sunan jikata.
Shekara talatin ina auna wuya da kafaɗar mutane,
sai bana na auna hancina.

Likita ya ce jinina ba sauran dakaru,
maganin daji ya kashe ɓarawo, ya haɗa da mai gadi.
Ya ce kada in kusanci kowa.
Ya ce kada in fasa zuwa ranar Talata.
Na dubi bakinsa, a rufe yake,
ban san ko shi ma ya ji abin da ya faɗa ba.

Lawali mai kabu-kabu ya iso yana tari.
Hayaƙi ne, Baba, in ji shi.
Na riƙe ƙarfen baya, na bar taƙi guda tsakanina da rigarsa,
muka bar Bagalam ina ƙidayar numfashi,
har muka faɗa ramin nan na gaban tasha,
na rungume shi kamar ɗan da ya dawo daga Libiya.

A bakin kasuwa wani na rantsuwa babu cutar,
wai ta masu hawa jirgi ce.
Na yi masa hassada.
Shi ɗaya yake musu, ni biyu nake lissafi.

Ƙofar asibiti, bokiti da sabulu,
da saurayi mai farar bindigar roba.
Ya saita goshina, ta yi ƙara.
Talatin da shida, lafiyarka lau, wuce.
Na so in ce ya sauko da ita ƙasa kaɗan,
nan ƙarƙashin haƙarƙari,
inda baƙona ya shimfiɗa tabarma tun damina.
Na dai wuce. An daɗe ba a ce mini lafiya lau ba.

Bencin da ke ɗaukar mutum takwas an shafa masa fenti,
yanzu uku yake ɗauka.
Kusurwar can ta Tsahara ce, mutuniyar Jiratawa,
mai zuwa da tumatir a kwano tana raba wa masu jira,
mai cewa ni da ita ƴan aji ɗaya ne.
Na ɗinko mata nata, shuɗi, da igiya mai laushi
saboda bayan kunnenta ya yi rauni.
Na tambayi majo. Ya buɗe littafi, ya rufe.
Ban tambayi wacce daga cikin biyun ba.

Ruwan ya shiga jijiya, ɗigo, ɗigo,
sanyi kamar randa a tsakiyar bazara.
Hoton da za a yi mini sai Yamai,
hanyar Yamai kuma sai an buɗe.
Baƙona bai san dokar hana fita ba,
da dare ma yana aikinsa.

Majo ya rubuta wata Talatar a kati,
da hannu mai sauri, kamar mai tabbas.
Na ninke katin, na sa shi aljihu ɗaya da shuɗin ƙyalle.

A waje rana ta take.
Lawali na jirana a inuwar dogon yaro, har yanzu yana tari.
Na ciro shuɗin na miƙa masa.
Ya ce igiyar ta yi masa gajere.
Na ce ɗaura haka nan, gobe in ƙara,
ka kuma tsaya wurin mai mangwaro,
Barira ta ce in taho mata da na dala ashirin.