Baƙi Biyu a Gidan Kallon Barau

A Kwangila na tsince su, ƙarƙashin gada,
kowa da ɗakinsa goye a baya
kamar kunkuru ya koyi tafiya a tsaye.
Dogon ya ce sunansa Tiyago.
Gajeren ya faɗi abin da harshena ya ƙi ɗauka,
na raɗa masa Jatau, ya kuwa amsa.

Jakunkunansu suka cinye kujera guda a kekena.
Suka warware taswira mai yagaggen ciki,
suka nuna mini garin da aka yanke cibiyata
da ɗan yatsa.

Ta Ƙofar Doka muka shiga.
Gaban guntuwar ganuwa,
wadda awakinmu ke hawa shan hantsi,
suka yi tsit kamar an tayar da salla.
Shekara talatin ina gifta ta,
ban san abin kallo ba ce.
Jatau ya rungumi rimi, hannunsa bai ci rabi ba.
Tiyago ya tsoma yatsa a ruwan marina,
ya ɗaga shi sama, shuɗi, yana murna
sai ka ce ya kaɗa ƙuri'a.
Da suka hau Kufena, ni gindi na tsaya.
Dutse ba ya biyan balas.

La'asar sakaliya Tiyago ya dubi agogo, ya ruɗe.
Ya shuri iska, ya zana akwati da hannu biyu.
Na ce, af, wannan yaren ai na iya.

Gidan kallon Barau, Tudun Wada, bayan mai faci.
Rumfar kwano, benci goma sha ɗaya, ɗayan gurgu,
fanka tana juya zafi daga wannan kai zuwa wancan.
Suka jingine jakunkuna, yara suka mayar da su kujeru.
Ashe masu koren riga 'yan garinsu ne,
mu kuwa kaf gidan, har Barau, na masu ja ne.
Mutum tamanin da biyu, tamanin a gefe guda.

Jatau na cin tsire yana hawaye, yaji ne ko fargaba, oho.
Kore suka jefa ɗaya tun da wuri,
Tiyago ya haɗiye ihunsa kamar ƙwayar magani.
Wani ya ce, bar shi, baƙo raɓa ne.

Saura minti biyu, alkalin wasa ya nuna fenareti.
Tamu ce.
Ɗan wasa ya dasa ƙwallo, ya ja da baya,
janareta ya yi tari biyu
ya cika.

Duhu. Salati. Barau na tsine wa mai sayar da fetur.
Can ƙurya, Baba Tanimu mai gadi
ya murɗa rediyonsa mai ɗaurin kyauro,
kawuna tamanin suka sunkuya kan murya guda.
Tiyago ba ya jin ko “zo in kashe ka”.
Ya damƙi kafaɗata, ya haska ni da waya,
yana karanta fuskata
yadda ya karanta taswirarsa da safe.

Sai gidan ya ce, kash!
Gola ya kaɗe.

Wannan kalmar bai nemi tafinta ba.
Ya yi tsalle, kansa ya daki kwano,
shi kaɗai yana ihu cikin makokinmu.
Shiru ya ɗan ratsa.
Sai Baba Tanimu ya fashe da dariya,
sai benci ya kama, sai layi,
har gurgun bencin ya zubar da mutum shida.
Barau ya rantse ba zai karɓi kuɗin baƙi ba,
daga baya ya karɓi rabi.

Da asuba na kai su tasha, motar Kano.
Taswirar suka bar mini, wai sun gama da wannan shafin.
Ga ta nan manne a gaban kekena.
Zariya ɗigo ce kamar ƙwayar gero,
da tabon man tsire ya kewaye ta.

Ran Juma'a bayan an sauko
na ajiye keke a gindin Kufena,
na cire takalmi,
na hau.