Sakatar Ƙofar Baya

Ni ke riƙe da makullin zauren wasa na Damaia,
shekara ashirin da shida ina goge katakonsa,
na san kukan kowane takalmi a kansa.
Nata ba ya kuka. Silifas ne.

Ruwan Janairu ne ya koro ta daren farko,
ta raɓe a ƙofar baya kamar mage,
shekara sha ɗaya, tsawo kamar turken fitilar titi,
hannun rigar sanyinta ya tsaya a gwiwar hannu.
Na ce, wa kike nema? Ta ce, ba kowa.
Idonta na can sama, kan kwando.

Ivandra Varela. A asibitin Amadora aka yanke cibiyarta,
amma takarda ta ce ba 'yar nan ba ce.
Tsibirin Santiago da aka ce shi ne nata,
a kalandar kicin kaɗai ta taɓa ganinsa.
Uwarta, Dona Zinha, jirgin ƙasan asuba take bi
ta wanke ofisoshin Lisbon kafin masu kwat su farka.
Uban ya faɗo daga hawa na huɗu a wurin gini.
Kamfani ya aiko da furanni. Shi ke nan.

Doka ta ce in kulle ƙarfe tara.
Ni kuwa tsufa ya sa mini mantuwa,
sakatar baya takan gagare ni.
Fitila ɗaya nake bari, ta gefen hagu,
shi ya sa har yau, in kun lura,
daga hagu jifarta ba ta ƙetare raga.

Dum, dum, dum. Ina shara ina ƙirga,
ɗari uku kafin ta kama hanya.
Burodin da nakan mance a benci
ba ta taɓa gode mini ba,
ni ma ban taɓa cewa nawa ne ba.

Koci Baltazar ya gan ta, ya riƙe baki.
Ya kai sunanta gasar ƙasa, aka maido masa:
ba katin zama, ba wasa.
Shekara uku tana benci da kayan gida,
tana miƙa ruwa ga waɗanda ba su kama ƙafarta ba.
Sau ɗaya na jiyo kukanta a makewayi,
na buɗe famfo har ƙarshe don kada wani ya ji.
Uwar ta bi layin ofishin baƙi tun da duhu, sau sha ɗaya,
kafin hatimi ya sauka kan takarda
da ƙarar da ba ta kai bugun ƙwallo ɗaya ba.

Daga nan labari ya fi tsawon tsintsiyata.
Porto, Valencia, sai wani gari mai ƙanƙara
da harshena ya kasa ɗaukar sunansa.
Waɗanda suka ce ba tasu ba ce
yau tutarsu suke yafa mata a kafaɗa.
Ana cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse,
ba a faɗin itacen wa ya ƙone.
Dona Zinha ta bar jirgin asuba,
amma ƙarfe huɗu idonta ke buɗewa,
ta zauna a sabon falo, hannu a cinya,
tana jiran gari ya waye.

Bara ta zo da takalma akwati biyu don yaran unguwa.
Sai da ta sunkuya ta shige ƙofar baya.
Ta ja sakatar, ta mayar, ta sake ja,
ta ce, Baba Abilio, ai lafiyarta ƙalau.
Na ce, gyara ta aka yi.
Ta dube ni. Ta dubi tsatsar da ke jikinta.

Jiya a shagon gahawar Quincas muka kalle ta,
saura daƙiƙa biyu, an fi su da ɗaya.
Ta karɓa, ta zame hagu.
Na ajiye kofina tun ƙwallon na sama.

Yanzu ma ruwa ake yi.
Akwai wani ɗan yaro a waje, ban san harshensa ba,
tun ɗazu yake leƙe ta tsagar ƙofa.
Tara ta buga.
Bari in je in mance.