Ɗibar Wuta

Mushe Nomau ya ja layi a allo
daga wannan kusurwa har waccan.
Alli ya karye, ya ƙarasa da guntun.
Ya ce, "Wuta ɗari ta taso daga tasha.
Nawa za ta iso Tawa?"
Muka yi tsit. Fanka na juyi bisa kanmu
kamar wanda aka tasa daga barci.
"Waya ma tana cin rabonta," in ji shi.
"In kun ji ta da ɗumi, kuɗin wani ne ke ƙuna."

Ni kam na san wannan lissafi tun ban yi famfara ba.
A Barmu, in murhu ya kwana a mace,
Kaka Tsahara kan miƙo mini kasko:
maza, gidan Dangana, ki ɗebo wuta.
Garwashi uku ake zuba mini.
Biyu ke isowa. Wata rana ɗaya.
Wata rana toka, da kunnen da za a murɗe.
Iskar lungu na lasa, tsayawa kallon awaki na lasa,
hanya ba ta taɓa barin in wuce kyauta ba.

Yanzu ga ni da jar waya da baƙa,
ina auna abin da ido bai gani.
Ranar Talata ya cije ni a babban yatsa,
sai da na kira sunan uwata gaban maza goma sha bakwai.
Tun ranar nake gaishe shi kafin in taɓa.

Da rana tsaka na wuce shagon tela,
ƙwai na ci a ƙofa, yana gasa da ranar Adar.
Na ce a kashe. Ya ce, "Ke kike biya?"
Da Kaka ce, ba ta tanka ba.
Ita in ta gama tuwo sai ta zare itace,
ta rufe sauran da toka, ta ajiye wa gobe.

Daren jarrabawa suka ɗauke.
Na kifa tarho bisa kofin shayi, ina bitar taransifoma,
sai ga kiranta.
"Wai me kike koyo ne a birnin?"
Na ce, "Ɗibar wuta, Kaka."
Ta yi dariya har da tari.
"Shekara uku? Da kina da bakwai kin iya.
Ki dai bar tsayawa kallon awaki."