Akwatin Baba ya sake magana

Shekara goma sha ɗaya yana kan kabad,
lulluɓe da tsohon zanen Inna
mai hoton tsuntsun da wanki ya cinye wa fiffike.
Baba ya sayo shi a Kano da kuɗin fatun da ya jeme,
ya riƙo shi a cinya har Matamai, har ƙofar gida,
bai yarda yaron mota ya ɗora shi sama ba.
Lasifika biyu, kowace ta kai ƙugun yaro,
da bakin kaset da ya daina aiki
tun ranar da ya haɗiye wa'azi ya ƙi maidowa.

Kunnen Inna ya yi nauyi.
Laminu na aiko da murya daga Tamanrasat,
in kanga mata salula a kunci,
ta ce, "Sauro nake ji, ba ɗana ba."
Sai in ce, lafiya yake, yana gaishe ki.
Ta ce, "Wancan satin ma haka ka ce."

Alhamis na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole.
Kyari mai gyara, sukudireba maƙale a kunne,
ya zaro wani abu kamar kwalin ashana.
Jika huɗu. Na ce uku. Ya ce albarka.
Na juya, ya ce kawo uku da rabi,
ya ce jar igiya a jan rami, fara a fari,
kar ka buɗe cikinsa, tsoho ba ya son a taɓa masa hanji.

Na juya bayan akwatin, na tarar da gidan zanzaro
da ƙwan ƙadangare biyu da suka bushe.
Na hure, na goge, na soka igiyoyi.
Sai aka ɗauke wuta.
Muka zauna a tsakar gida har bayan isha,
duwatsun Birni suna sakin zafin da suka sha da rana.

Da wuta ta dawo, ɗan shuɗin ido ya ƙifta,
wata mace ta yi turanci daga cikin lasifika.
Inna ta ce, "Wace ce wannan a ɗakin mijina?"

Na danna.
Muryar Laminu ta cika ɗaki har azara,
kwanon silba ya yi rawa bisa jere.
Inna ba ta motsa ba. Ta ce a sake.
Na sake. Ta ce a sake.
A na uku ta ɗaga yatsa: "Tari yake yi.
Ka ji can, bayan ya ce alhamdu lillahi.
Wata nawa kana ce mini lafiya?"
Ni da ke da kunne biyu ban taɓa jin tarin ba.
Washegari ta daka citta da kanumfari
ta ce in nemo direban da zai bi ta Agadas.

Akwai aibu ɗaya, Kyari bai faɗa ba:
abin ba ya tambayar wa ke sallama.
Daren Talata salular ɗan maƙwabta ta shigo ta katanga,
muka ji shi yana rantse wa wata Ramatu
cewa tun Juma'a bai ci abinci ba.
Inna ta ce, "Ƙarya. Jiya ya cinye mini ɗumame."

Yanzu in dare ya yi takan mayar da zanen,
ta ja shi dama, ta ja shi hagu, yadda ta saba.
Amma takan naɗe gefe guda
ta bar ɗan shuɗin idon a waje,
wai kar yaron ya zo ya tarar an rufe.