Rabon Faifai a Wad Madani

Ƙarfe ɗaya na dare, asibiti ya yi tsit,
sai fankar uwar garke mai gurnanin kurciya,
da janareta can baya yana tarin tsufa.
Sanyin ɗakin ya kama mini yatsu.
A waje, zafin Madani ko gyangyaɗi bai yi ba.

Sabon faifai ya zo a kwali,
tarabayit goma sha takwas,
nauyinsa bai kai tasar ful ba.
Na zura shi a gurbi, ya ƙyafta koren ido.
Na ce wa na'ura, nawa kika gani?
Ta ce, biyu.

Biyu!
Tsohon jadawali ne, ganinsa ya rage,
kamar kakana Jibir a ƙarshen kwanansa,
da zai tsaya bakin hawasha
ya rantse gona ta ƙare a gindin tsamiya,
alhali faddan huɗu na shimfiɗe a bayanta,
auduga fari fat, tana jiran hannu.

Na sallami tsohon da girma, na kira sabo,
mai rubuta iyaka a goshin faifai
ya sake ɓoye kwafi can a ƙeya.
Haka kakata Kulu ta yi da takardar gona:
ɗaya a akwati,
ɗaya a hannun wani limami a Mai Wurno,
wai gobara ɗaya ba ta cin gari biyu.

Sai rabo.
Babu igiya, babu turaku,
babu dattawa masu gyaran murya a inuwa.
Ni kaɗai da lambobi.
Na bar 'yar rata a baki, faɗin hanyar jaki,
don kunyar fari ta hau layi.
Wannan babban yanki na hotunan ƙirji ne,
huhunan manoma da suka sha feshin magani.
Wannan na ɗakin haihuwa.
Wannan ɗan tsurut na lissafin allura.
Saura kuwa na bar shi saura,
ƙasa ta huta, shekara mai zuwa akwai baki.

Yanzu wurin da hannu ke rawa.
Tsakanin tsohon faifai da sabo
harafi ɗaya ne tak.
Bara waccan Ustaz Mudassir ya sa ba a gurbin ca,
haihuwa da mutuwa ta shekara bakwai
suka wuce ba ko sallama.
Har yau in ya zo shan shayi
bango yake fuskanta.

Na karanta sunan sau uku, kamar mai alwala.
Na sa yatsa na bi shi a kan allo.
Na'ura ta ce: duk abin da ke ciki zai tafi,
ka tabbata?
Ko ranar ɗaurin aurena
ba a yi mini tambaya da gaske haka ba.

Na danna.

Lambobi suka soma hawa a hankali,
yadda ruwan Nilu ke bin magudana
in an ɗaga ƙofar ƙarfe da asuba,
kunya bayan kunya, ba ya tsallake ko ɗaya.
A kashi sittin da ɗaya janareta ya sarƙe.
Fitila ta lumshe.
Na ji zuciyata a maƙogwaro.
Ya yi kaki, ya tofar, ya ci gaba.

Da aka kira sallah, gona ta sharu,
fili fetal, ba suna, ba tabo, ba bashi.
Ban taɓa mallakar abu mai faɗin haka ba,
kuma ba nawa ba ne.

A bakin ƙofa Batulu na fifita gawayi,
ƙamshin jabana da citta ya rigaye ta shigowa.
Kafin in kurɓa, allo ya motsa:
daga bene, ungozoma ta shigar da layin fari.
Mace. Kilo biyu da ɗari takwas.
Gurbin suna babu komai tukuna,
sai nan da kwana bakwai.