Mijina a Littafin Wani

Ranar Talata, a gangaren Ribeira,
na shiga shagon littattafai fakewa ruwan sama,
sai ga sunan mijina a bangon wani littafi:
Amandio Valadares,
shekara goma sha ɗaya yana ƙarƙashin ƙasa.
Kuma ba shi ya rubuta ba.

Wani yaro ne wai Telmo Sarmento,
wanda ranar da muka kai Amandio makwancinsa
ina jin ko gemu bai tsiro masa ba.
Ya ɗauko min miji daga kabari,
ya kakkaɓe shi, ya sa masa baƙar kwat,
ya sake shi a titunan Porto,
bai ko yi min sallama ba.

Na biya kuɗin cefanen kwana uku,
na kai shi gida a ƙarƙashin laima.

A shafi na tara, yana zuƙar lofe a bakin kogin Douro.
Amandio? Mai ciwon asma?
Mutumin da hayaƙin gasa kifi
ke kora daga tagar kicin?
Kogin nan kuwa tsoronsa yake ji,
shekara arba'in muna tare,
bai taɓa tsallaka gada yana kallon ƙasa ba.

An ba shi maganganu masu nauyi,
kowace kalma kamar an auna ta da sikeli.
Ni dai abin da na fi ji daga bakinsa shi ne,
"Graciete, ina tabarauna?"
Yana kuwa saman goshinsa.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
ba mai leƙe ta taga ba.

An ba shi farka, wata doguwa daga Vigo,
mai jan gashi, mai dariya a tashar jirgi.
Na yi dariya ni ma har na sarƙe.
Da ya ji, da ya yi kwana uku yana taƙama,
shi da ko maɓallin rigarsa
bai iya sawa daidai ba.

Ni fa? Na nemi kaina shafi bayan shafi.
Na samu layi ɗaya:
"Matarsa ta kawo shayi ta fita."
Ni da na buga littattafansa shida da tafireta,
na gyara masa ƙarshen biyu daga ciki,
na jinginar da sarƙar uwata saboda haya.
Shayin ma kofi ne.
Ko wannan yaron bai sani ba.

Ya kashe shi a kan gada, cikin hazo, da alƙalami a hannu.
A asibiti ya cika, gado na huɗu,
yana tambayata ko an ba kyanwa abinci.

Amma a shafi na ɗari da sittin da biyu
na ajiye littafin, hannuna na rawa.
An ce yakan sosa kunnen hagu
duk lokacin da zai yi ƙarya.
Wa ya gaya wa yaron?
Wannan nawa ne ni kaɗai,
ban taɓa faɗa wa ko 'yar'uwata ba.

Na ɗauki takarda zan rubuta masa ashar,
sai kofin ya huce, takardar tana nan fara.

Yanzu littafin yana gefen gado, ɓangarensa.
Akwai wani shafi kusa da tsakiya
inda Amandio ke hawa matakalar gidanmu,
yana haki, yana laluben makulli a aljihu.
Matakalar ashirin da uku ce, yaron ya ce talatin.
Na yafe masa bakwai ɗin.
Kowane dare nan nake buɗewa,
in bar shi yana hawa,
in kashe fitila, ban juya shafin ba.