Littafi Na Uku, Shafi Na Sha Tara

Shekara talatin ke nan yau
da muka haɗa kuɗin shebur biyu da diga ɗaya
a zauren Malam Barau, bayan Ƙofar Gayan.
Mu bakwai ne. Saura ni da Cindo,
shi ma kunne ya yi nauyi,
sai an taɓa kafaɗarsa yake cewa amin.

Ko kaza ba mu yanka ba.
Samarin ƙungiya sun so a buga kalanda,
Cindo ya ce, hoton wa?
Masu hoton ai suna kwance.
Sai aka aro bencina a firamare,
mata daga gefen rijiya, maza a inuwar dogonyaro,
kunun tsamiya bokiti biyu,
aka ce in buɗe littafi.

Guda uku ne, na farkon gara ta ci gefensa.
Duk hannuna ne:
suna, unguwa, rana, yadi nawa aka yanka.

Tanimu mai gyaran keke.
Wani daga baya ya ce, har yanzu famfonsa na wurina.
Aka yi dariya, dariyar ta zauna.
Lantana mai waina ta Jushi.
'Yarta ta ɗaga hannu kamar a aji,
ba ta ce komai ba, ta sauke.
Jariri, ba a kai ga suna ba.
Jariri.
Jariri kuma, gida ɗaya.

Daminar amai da gudawa ta ci shafi huɗu,
rubutuna duk ya karkace,
makara ba ta bushe ba tsakanin wanki da wanki.

Baƙo, an tsince shi a Kwangila,
ɓarin goro a aljihu da makulli ɗaya.
Makullin na cikin akwatinmu.
Akwai wata ƙofa a wani gari,
ban san ko sun gaji sun fasa ta ba.

Ishaya kafinta ya zo daga Wusasa,
shi ya ƙera mana makara ta biyu, ya ƙi karɓar kuɗin ƙusa.
Yana ƙarshen benci, hula a gwiwa,
baki na motsi da nasa sunayen.

Sai na zo littafi na uku, shafi na sha tara.
Layi guda, kwanan wata kawai.
Na gyara tabarau. Na yi tari.
Na so in tsallake kamar kwata.

Iya Kande mai wankan mata ta ce daga can,
Dije ce.
Ni na yi mata, da ganyen magarya da kafur,
lallen ƙaramar salla bai gama fita daga tafinta ba.
Rubuta, Malam Ilu,
shekara shida layin nan yana tsirara.

Shekara arba'in muna tare
ban kira sunan nan a gaban mutane ba,
ke nake cewa, ko mutanen gida.
Na suturta dubu da wani abu da tawada,
ita ce na bari.

Biro ya ƙi.
Na girgiza shi, na hura masa, ya ƙi.
Wani yaro da ban san ɗan wa ba ne
ya miƙo nasa, ja.
Harafi huɗu. Duk littafin ita kaɗai ce ja.

Ba a gama fatiha ba babur ya tsaya a ƙofa:
an yi rashi a Shika, za a kawo Kwarbai,
ana so kafin magariba.
Samari suka miƙe. Kunu ya yi saura.
Cindo bai ji kome ba, ya dai ga an tashi,
ya riga kowa kai hannu ga diga
da bai iya ɗagawa tun bara waccan.

Na mayar wa yaron bironsa,
na ja sabon layi da farce,
na ce wa mai babur, sunan fa?